Gyaran Tsohon Gida da Kuɗi Kaɗan

Kogin Kaduna ya raba birnin Kaduna gida biyu. Idan mutum ya haye gada ya nufi kudu, zai tarar da unguwanni kamar su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa. A shekarar 1957 aka buɗe babbar masaƙa a Kakuri, watau Kaduna Textiles, daga baya kuma waɗansu masaƙun suka biyo. Mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga ko'ina cikin Nijeriya. Aka gina musu gidaje masu ɗakuna a jere, da tsakar gida ɗaya. Waɗansu da bulo aka gina su, waɗansu da ƙasa, amma yawancinsu rufin kwano ne.

A shekarar 2002 aka rufe wannan masaƙa ta farko, sauran ma suka yi ta durƙushewa. Ma'aikata da yawa suka rasa abin yi. Gidajen kuwa suna nan, sun tsufa, masu su kuma ba su da kuɗin rushe su su gina sababbi. Amma tsufa ba mutuwa ba ne. Maigida da iyalinsa suna iya sabunta gidansu da hannunsu, muddin sun san abin da za su fara da shi, da lokacin da ya kamata.

Babban abokin gāban gida shi ne ruwa. A Kaduna damina takan kama daga wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba, ruwa kuma ya fi ƙarfi cikin Agusta da Satumba. A shekarar 2003 ma kogin ya cika ya yi ambaliya, ya ɓata gidaje masu yawa na kusa da bakinsa. Saboda haka wanda ya fara gyara da shafa fenti ya yi asarar kuɗinsa, gama ruwan farko zai ɓata shi. Mai hankali yakan fara tsare gida daga ruwa tukuna, sa'an nan ya yi masa ado. Lokacin aikin kuwa shi ne rani, bayan bango ya bushe sarai.

Da rufi ake farawa. Kwanon rufi ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don kada ya yi tsatsa. Idan ya daɗe sai tutiyar ta goge, tsatsa ta kama shi, musamman a gindin ƙusoshi. Tun da damina ake lura da wuraren da ke yoyo, a sa musu alama da gawayi. Idan an manta, sai a shiga ɗaki da tsakar rana, a rufe ƙofa da taga, a dubi sama. In ɗakin ba shi da silin, duk inda haske ya ratso, nan ruwa yake bi. Ƙaramar huda ba ta bukatar sabon kwano. Sai a kankare tsatsar, a shafa kwalta, a manna ƙyalle mai kauri, a sāke shafa kwalta a bisansa. Idan za a buga ƙusa, a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarinsa ba, domin ta kwarin ne ruwa yake gangarowa. Hawa rufi aikin manya ne. Su ma sukan taka inda ƙusoshi suka jeru ne kaɗai, don a nan katako yake a ƙarƙashi.

Daga rufi sai gindin bango. Ruwan da yake zubowa daga bakin kwano yakan daki ƙasa ya fantsama a jikin gini, yana cin sa kaɗan kaɗan. Wanda ya kwanta a wurin kuma yakan tsuma ya hau cikin bango, kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. Shi ya sa ake ganin ƙasan bango ya yi baƙi, yaɓensa yana ɓamɓarewa. Maganin wannan ba shi da tsada. A zuba tsakuwa da ƙasa a gindin bango, a daɓe su sosai, a karkata daɓen yadda ruwa zai gangara waje. A yashe kwata kuma, a kwashe leda da shara daga cikinta. Ban da tsare gini, wannan yana hana sauro wurin haihuwa, domin a cikin ruwan da ya kwanta yake yin ƙwai.

Na uku shi ne tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa da kyankyaso ma ta nan suke bi. Idan tsagar ƙarama ce a bangon bulo, sai a ɗan faɗaɗa ta, a share ƙurar, a jiƙa wurin, sa'an nan a cike ta da kwaɓi. Ga yadda ake yin kwaɓin: awo ɗaya na siminti, awo huɗu na yashi mai laushi wanda aka rairaye. Buhun siminti kilo 50 ne, yakan cika kwanon sarki biyu. Bayan an gama, a riƙa yayyafa wa wurin ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Dalili kuwa shi ne, siminti da ruwa yake yin ƙarfi. In iskar hunturu ta busar da shi da wuri, sai ya sāke tsagewa.

Bangon ƙasa kuwa da ƙasa ya fi son a gyara shi. Siminti ba ya kama jikinsa sosai, yakan saki ya fāɗo fale-fale. Magina na dā sukan kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, su bar ta ta kwana biyu tana tsumuwa, kāna su yaɓa. Sukan kuma shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Amma idan tsaga ta yi faɗin da yatsa zai shiga, ko kuwa kullum ƙaruwa take yi, to, harsashin ginin ne ya motsa. Wannan ya fi ƙarfin 'yan gida, dole a kira magini.

Bayan wannan sai a duba katako. Gara tana son itacen da ya taɓa ƙasa mai laima. A ƙwanƙwasa ƙyauren ƙofa da na taga. In an ji ya yi ƙarar ganga, ta cinye cikinsa. Sai a yanke wurin da ya lalace a sa sabo, a shafa maganin gara. Tsohuwar ƙusa ma ba a yar da ita, miƙe ta ake yi da guduma. A taga kuma a buga ragar waya mai ƙananan idanu, iska ta shigo, sauro ya tsaya waje.

To, a nan ne ado yake zuwa. Farar ƙasa ta fi fentin gwangwani araha nesa ba kusa ba. Ana dama ta da ruwa ta yi tsararo kamar madara, a shafa sau biyu, amma sai shafin farko ya bushe ake yin na biyu. Idan ta yi kauri, ɓarewa take yi. Farin bango yana mai da haske, don haka ɗaki mai duhu yakan washe, yaro ya ga karatunsa sosai.

Akwai abubuwa uku da ba a wasa da su. Na ɗaya, wayar lantarki: mai aikin wuta kaɗai yake taɓa ta. Na biyu, tsohon silin na asbesto: ba a fasa shi, ba a yanka shi da zarto, gama ƙurarsa tana lalata huhu. Na uku, tsohon fentin mai: wani yana da dalma a cikinsa, ita kuwa guba ce ga yara. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. Saboda haka ba a barin yaro ya kankare fenti, ko ya zauna inda ake kankarewa.

Duk da haka yara suna da nasu aikin. Su ne masu ɗebo ruwa, da rairayar yashi, da miƙa kaya, da yayyafa wa sabon yaɓe ruwa. Maƙwabta kuma sukan yi gayya, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan. Wajen kuɗi, ba lalle ne a tara su gaba ɗaya ba. Wata uwargida takan shiga adashi, maigida ya sayi ƙusa wannan wata, kwalta wata mai zuwa. Siminti ne kaɗai ake bari sai ranar aiki ta matso, don in ya daɗe a ajiye laima takan sa shi ya dunƙule. Wanda yake haya kuwa, sai ya nemi yardar mai gidan tun kafin ya taɓa kome.

Iyalin da suka bi wannan tsari ba sa tashi tsakar dare cikin Agusta suna tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo. Kuɗin da suka kashe kuwa bai kai na sāke ɗaga bango ɗaya da ya fāɗi ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe masaƙar farko a Kakuri?
2. Don me ake gyara rufi kafin a shafa farar ƙasa?
3. Me ya sa ake yayyafa wa sabon yaɓen siminti ruwa?
4. Waɗanne abubuwa uku ne ba a wasa da su a tsohon gida?