Cutar MS: Yadda take rage saurin tunani da ƙarfin tuna abu

An fi sanin cutar MS da raunana ƙafafu, dushewar gani da sanɗarewar gaɓɓai. Sai dai kusan rabin masu ɗauke da ita na fama da wata illa da ido ba ya gani, wato nauyin tunani da mantuwa. Tun a 1868 likitan Faransa Jean-Martin Charcot, wanda ya fayyace cutar a birnin Paris, ya lura da raunin tuna abu a majinyatansa.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wata riga mai kitse da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A cutar MS, garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci wannan riga, ta bar tabo. Saƙon da ya saba wucewa cikin ƙiftawar ido sai ya riƙa tafiyar hawainiya.

Shi ya sa saurin sarrafa bayani ne ya fi shan wahala. Akawu zai iya gane lissafi sarai, amma ya ɗauki lokaci kafin ya kammala shi. Ɗan kasuwa zai iya rikicewa idan masu ciniki biyu suka yi masa magana lokaci guda. Sabon bayani kan yi wuyar zama, ko kalma ta maƙale a baki, alhali tsohon ilimi da hankali galibi suna nan daram. Gajiya, damuwa da rashin barci na ƙara tsananta lamarin, haka ma zafi, abin lura ga mazauna ƙasashenmu a watannin bazara.

Cutar ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun fi kamuwa, wato tana zuwa ne daidai lokacin da mutum ke ganiyar neman na kansa. Idan aka ɗauki jinkirin a matsayin lalaci, mutum na iya rasa aikinsa ba da laifinsa ba.

Likitoci na auna saurin tunani da gwajin daƙiƙa 90 na haɗa alamomi da lambobi, su kuma duba tabon da hoton MRI. Ba a samo maganin warkewa ba tukuna, amma akwai magungunan rage hare-haren cutar. Rubuta komai, yin aiki ɗaya bayan ɗaya, da ajiye aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya na taimakawa. Wanda ya ga waɗannan alamu tare da matsalar gani ko tafiya, ya nemi likitan jijiyoyi da wuri.