Saukowa Daga Kan Maganin Sanyin Ƙashi

Duk wanda ya zauna kusa da mai kemis a Ƙaura Namoda, ko ya ratsa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, zai ga dattawa suna neman ƙwayar sanyin ƙashi, alhali da yawansu ba su san cewa irin waɗannan ƙwayoyi, kamar firedinisolon da deksa, suna daga jinsin magungunan da fara shansu ke da sauƙi, barinsu kuwa sai da ilimi ba.

Daga cikin cututtukan da malaman ɗibbu suka yi ittifaƙi cewa firedinisolon ne maganinsu, akwai wadda likita Barber ya raɗa wa suna folimayaljiya rumatika a Ingila a 1957. Ba ta cika kama wanda bai kai shekara 50 ba, ta fi kama mata, ta kuma fi yawa a arewacin Turai, saboda haka kada a ɗauki kowane ciwon jiki a ce ita ce. Alamarta, mutum ya wayi gari kafaɗu da kwatangwalo sun sandare minti 45 ko fiye, zura riga ta gagare shi, tasowa daga sujada ta zama jihadi. Likita kan fara da kimanin miligiram 15 kullum, cikin 'yan kwanaki sai majiyyaci ya miƙe garau.

A nan fitinar take, domin ba a hukunta cewa cutar ta kwanta sai sandarewar safiya ta gushe, awon jini ya nuna kumburi ya sauka, kuma sauƙin ya ɗore alhali ana rage magani, zuwa miligiram 10 cikin wata ɗaya ko biyu, sa'an nan miligiram guda kowane wata, tafiyar da kan ci shekara ɗaya zuwa biyu, wadda kusan rabin majiyyata ciwon kan waiwaye su a cikinta, a mayar da su matakin baya. Akwai kuma wani sababi na ragewa a hankali: 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda, masu samar wa jiki irin sinadarin da ke cikin maganin, sukan daina aiki idan an daɗe ana shan ƙwayar, wanda ya yanke ta farat ɗaya sai jiri da amai da faɗuwar ƙarfin jini, har ta kai ga rasa rai.

Abin da ke damuna shi ne tsohuwar da ke wani ƙauyen Zurmi, wadda ƙwayarta ta ƙare alhali hanya ba aminci. Wajibi ne likita ya rubuta wa 'ya'yanta tsarin ragewar dalla-dalla, ya haɗa su da guzurin magani. In kuwa sabon ciwon kai ya taso a gefen goshi, ko muƙamuƙi ya riƙa ciwo wajen tauna, ko gani ya dushe, a nufi asibiti a ranar, ko da sai an dangana da Gusau ko Sakkwato, domin wannan kan makantar.