Yadda Aka Haɗa Fim Ɗin The Mummy

 Masar ɗin da ke cikin The Mummy, fim ɗin ban tsoro na 1932, a Kalifoniya kamfanin Universal ya ƙera ta. Gano kabarin Tutankhamun a 1922 da jita-jitar la'anarsa suka buɗe kasuwar.

Awa takwas mai kwalliya Jack Pierce ya kwashe yana manna wa ɗan wasa Boris Karloff auduga a fuska, ya cusa masa laka a gashi, ya nannaɗe shi da tsummokin da aka gasa. Duk wahalar nan, 'yan mintoci kawai Karloff ya fito a haka.

Wajen talla kuwa, sunan Karloff aka ɗora gaba, tunda fim ɗin Frankenstein ya riga ya fito da shi. A 1997 an sayar da fostar The Mummy ɗaya dala 453,500.