Garki Ƙauye: Zama a tsakiyar Abuja cikin fargabar rusau

Duk wanda ya bi titin Ladoke Akintola da ke Garki 2 a Abuja, abin da zai riƙa gani shi ne bankuna, otal-otal da ofisoshi. Amma da zarar ya karkata zuwa titin Legas, sai ya tsinci kansa a wata duniya daban: lunguna masu matsi, gidajen laka da na bulo manne da juna, teburin mai shayi, tukubar mai tsire da kurar 'yan garuwa. Wannan ita ce Garki Ƙauye, tsohuwar unguwar da babban birnin tarayya ya zo ya tarar, ya kewaye ta, amma har yau bai yanke shawarar yadda zai yi da ita ba.

Ƙauyen da ya girmi birnin

Tun kafin gwamnatin Janar Murtala Mohammed ta kafa Dokar Soja mai Lamba 6 a ranar 3 ga Fabrairun 1976, wadda ta samar da Babban Birnin Tarayya, al'ummar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune a Garki tare da Hausawa da sauran maƙwabta, suna noman doya da dawa. Har yanzu fadar basaraken garin, mai riƙe da sarautar Sa'peyi, tana cikin unguwar.

Shirin farko shi ne a kwashe dukkan mazauna yankin domin a gina birni a fili fetal. Da aka yi lissafin diyya aka ga kuɗin ya wuce ƙima, sai gwamnatin Janar Obasanjo ta sassauta a 1978, ta ce waɗanda aiki ya biyo ta kansu ne kawai za a tayar. Ta haka mutanen Wuse suka koma Sabon Wuse a Jihar Neja, na Maitama kuma aka kai su Kubwa. Garki ta tsaya a inda take.

Shekara guda bayan Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disambar 1991, an ɓullo da manufar shigar da ƙauyukan asali cikin tsarin birni, aka kuma fara gwajin da Garki. A 1999 aka soke manufar, aka koma batun sauya matsuguni. Daga baya aka gina gidaje a Apo domin mutanen Garki da maƙwabtansu, amma rabon ya sha fama da ƙorafe-ƙorafe, kuma unguwar ba ta tashi ba. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara wannan kai-komo, yau ya yi jikoki.

Dalilin da ya sa ake tururuwa

Mafi yawan masu kwana a Garki Ƙauye yanzu 'yan haya ne: masinjojin ma'aikatu, direbobi, masu gadi, teloli, masu wanki da guga, ma'aikatan otal da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Abin da ya kawo su ɗaya ne, wato kusanci. Daga unguwar, mutum na iya takawa da ƙafa zuwa Kasuwar Garki, kuma tafiyar 'yan mintuna ce a mota zuwa Area 11 ko Sakatariyar Tarayya.

Wanda ya san wahalar hanyar Nyanya ne zai fahimci darajar wannan. Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Masaka a Jihar Nasarawa yakan fito tun da asuba domin ya tsere wa cunkoso, ya kuma koma gida bayan isha'i, 'ya'yansa sun yi barci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wata haya ta biyu da ake biya kullum. Saboda haka da yawa suka gwammace su matsu a ɗaki ɗaya a Garki, su yi tarayya da gida guda a banɗaki, da su samu ciki da falo a bayan gari su ƙarar da albashi a hanya.

Taswirar Abuja da aka kammala a 1979 ta tanadi unguwanni masu faɗi da tituna masu kyau, amma gidajen da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya a cikin gari ba su taɓa wadatuwa ba. Sayar da gidajen gwamnati da aka yi a zamanin mulkin Obasanjo na farar hula ya ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi waje. Garki Ƙauye da takwarorinta irin su Mabushi, Durumi da Jabi su ne suka cike wannan giɓi ba tare da an sa su ba.

Abin da katanga ba ta bayarwa

A Maitama da Asokoro, mutum na iya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Zaman 'yan marina ake yi, kowa da inda ya sa gaba. A Garki Ƙauye kuwa, matsin wuri ya hana hakan. Mai shago ya san wanda albashinsa ya makara, yakan ba shi bashin shinkafa zuwa ƙarshen wata. Matar da za ta fita aiki takan bar ɗanta wurin maƙwabciya, ko da ba yarensu ɗaya ba. Idan aka yi rasuwa, kafin dangi su iso daga gida maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi.

A lungu ɗaya za ka ji Gbagyi, Hausa, Ibo, Tibi da Turancin buroka, masallaci da coci kuma ba su da nisa da juna. Da dare titin Legas kan cika da hayaƙin gasasshen kifi da tsire, har masu manyan motoci daga unguwannin da babu hayaniya sukan zo neman abin da babu a wajensu.

Kuɗin da ake biya a ɓoye

Sai dai wannan sauƙi yana da tsada. Gidaje da dama ba su da famfo, don haka ruwa sai an saya jarka-jarka daga 'yan garuwa, a birnin da ke shan ruwan madatsar Usuma. Da damina kwatoci kan cika su malalo cikin lunguna. Wayoyin lantarki sun sarƙe a saman rufin kwano, kuma akwai lungunan da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Hayaniyar dare da ke kawo ciniki ita ce kuma ke damun iyaye masu tarbiyyar yara.

Sau da yawa akan ɗora laifin wannan hali a kan mazauna, amma tushen matsalar yana cikin takarda. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukkan filayen Babban Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon raba su. Ma'ana, mutumin da kakanninsa ke kwance a wannan ƙasa ba lallai ne ya mallaki takardar da banki zai karɓa ba. Wanda ba shi da tabbacin gobe ba zai zuba kuɗi ya haƙa masai mai kyau ko ya ja bututun ruwa ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙara ɗaki a tsakar gida, ya karɓi hayar bana kafin katafila ta iso.

Fargabar ba ta banza ba ce. Mazauna Abuja ba su manta da rusau na zamanin Malam Nasir El-Rufai ba, tsakanin 2003 da 2007, lokacin da aka share unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika. Darasin da aka koya shi ne, idan ma an yi maganar diyya, 'yan asalin wuri ake lissafawa. Ɗan haya kuwa, kayansa kawai yake kwashewa. Shi ya sa jan fenti a jikin bango ya fi kowace sanarwa tayar da hankali a irin waɗannan unguwanni.

Shawarar da ta rage

Hanyoyin da ke gaban hukuma sanannu ne. Ko dai a kammala sauya matsugunin cikin adalci, a kuma tanadi gidaje masu rahusa a cikin gari ga ma'aikatan da za su rasa wurin kwana, ko kuma a bar unguwar a inda take, a ba masu gidaje takardu, a buɗe hanyoyi, a gina magudanai, a ja ruwa. Kowacce tana da tsadarta. Wadda ta fi su tsada ita ce wadda aka shafe kusan shekara 50 ana kai: ba a ce su tashi ba, ba a ce su zauna ba.

Kafin a yanke hukunci, gobe da sassafe mai shara, direba da masinja za su sake fitowa daga lungunan Garki Ƙauye, su buɗe ofisoshin da a cikinsu ake ajiye fayil ɗin makomar unguwarsu.