Kamfanin da Ya Sayi Gwanaye Domin Ƙwaƙwalwar Wayarsa

Mai albasa a Aliero, da dillalinsa a kasuwar Jega, da direban da ya tsaya shan mai a Maiyama, yau duk da wayar hannu suke ƙulla ciniki, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin abin da ke tafiyar da ita. In mai gyara ya kwance waya, a bisa allonta akwai wani ɗan baƙin falle wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ake ce wa cip, watau ƙwaƙwalwar waya. Daga yashi ake tace ma'adininsa, sa'an nan a shirya ƙananan makunnai a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani. Cip ɗin da kamfanin Apple na Amurka ya sa a babbar wayarsa ta 2023 makunnai biliyan 19 gare shi.

Aikin cip kashi biyu ne, kamar aikin babbar riga. Akwai mai zana aska, akwai mai bin zanen da allura. Masu zayyana su ke tsara inda kowane makunni zai zauna, masana'anta kuwa ita ke ƙerawa. Wanda ya iya zayyana shi ke sa waya ta yi sauri ba tare da ta shanye batir ba, kuma irin waɗannan mutane ba su da yawa a duniya.

Sa'ad da Apple ya fito da iPhone a 2007, cip ɗin kamfanin Samsung na Koriya ya sa a ciki, alhali Samsung shi ma waya yake sayarwa. Kowane ɗan kasuwa ya san wuyar wannan zama, a ce abokin gasarka shi ke ba ka sari. To, a watan Afrilu na 2008 sai aka ji Apple ya sayi wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna P.A. Semi, a kan dala miliyan 278 bisa ga labarin jaridu. Wani dattijon injiniya, Dan Dobberpuhl, shi ya kafa shi a 2003, kuma ya daɗe da yin suna wajen zayyana cip mai ƙarancin cin wuta. Kamfanin ba shi da masana'anta, kayan da yake sayarwa ma ba na waya ba ne. Abin da Apple ya biya wa kuɗin nan shi ne injiniyoyi wajen 150 da abin da ke cikin kawunansu.

A nan mas'alar ta ke. Malamai sun san bambancin ciniki da ijara: gida da takardun haƙƙin ƙirƙira ana mallakarsu, amma ɗa sai dai a ɗauke shi aiki, ran da ya ga dama ya yi sallama. Mutanen Aliero ma shaida ne, domin ɗorin karayar da ake zuwa nema wurinsu daga nesa a hannun masu yinsa ya ke, ba a buhu ba. Haka kuwa ta faru. Ba a yi shekara biyu ba Dobberpuhl ya bar Apple, waɗansu abokan aikinsa suka kafa nasu kamfani, Agnilux, Google ya saye shi a 2010. Daga baya Gerard Williams, wanda ya shugabanci zayyanar cip ɗin iPhone shekaru da dama, ya fita a 2019 ya kafa Nuvia, kamfanin Qualcomm ya saye shi a 2021 a kan dala biliyan 1.4.

Duk da haka cinikin bai faɗi ba, domin Apple bai tsaya a saye ɗaya ba. A 2010 ya ƙara da kamfanin Intrinsity na Texas, a shekarar kuma ya fito da cip mai sunansa, A4, a cikin iPad da iPhone 4. A 2019 ya ba Intel dala biliyan 1 ya karɓi sashensa mai yin cip ɗin da ke haɗa waya da layi, tare da ma'aikata wajen 2,200. Sai a 2025 wannan cip ya bayyana a waya. Fiye da shekara biyar ke nan ana biyan albashi kafin a ga amfanin gona, haƙurin da ba kowane mai jari ke da shi ba.

Zayyana kuma ba ta wadatar da mai ita. Har yau Apple ba ya ƙera cip da kansa, kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan ke yi masa. Huawei na ƙasar Sin yana da nasa gwanaye masu zayyana cip ɗin Kirin, amma da gwamnatin Amurka ta hana TSMC yi masa aiki a 2020, sai ya zama ga zane ba mai ɗinki, cinikin wayarsa ya zube ƙwarai.

Wayoyin da suka fi yawa a rumfunan Jega, watau Tecno da itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen. Shi sarin ƙwaƙwalwar yake yi, galibi daga MediaTek na Taiwan da Unisoc na Shanghai. Wannan yana cikin dalilan arhar wayarsa, amma in cip ya yi ƙaranci a duniya, kamar yadda aka gani a 2021, layi zai bi tare da sauran masu saye, tsadar kuma ta gangaro har kan mai rumfa. Waɗansu 'yan'uwansa na Sin sun gwada hanyar Apple. Xiaomi ya fito da nasa cip mai suna Xring O1 a 2025. Oppo kuwa ya tara injiniyoyi wajen 3,000 a sashensa mai suna Zeku, kuɗi suka yi ta tafiya, a watan Mayu na 2023 ya rufe shi rana ɗaya ya sallame su.