Ba Kowane Jinkiri Ne Gado Ba

Idan yaro ya kai shekara bakwai ba ya riƙe karatu, abin da ake ji a zaure da tsakar gida shi ne, "Gado ne, haka ubansa yake." Da an faɗi haka an naɗe tabarma. Babu mai tambayar me uwarsa ta ci lokacin da take da cikinsa, ko me idonsa ya gani.

Gado gaskiya ne. Sikila daga iyaye take zuwa: idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana iya zuwa da SS, sau ɗaya cikin huɗu, shi ya sa ake gwajin jini kafin ɗaurin aure. Amma a maganar kaifin ƙwaƙwalwa, gado iri ne kawai, sauran aikin na taki ne da ruwa.

Mafi girman ginin ƙwaƙwalwa ana yin sa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan shida cikin goma na yaran Jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar a wata shidan farko na 2025. Abin takaici, Faskari da Sabuwa da ke jihar ƙasar masara ce da waken suya, amma 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu. Yaron da ya tsallake tamowa kan shiga aji da raunin da ido ba ya gani, malam ya kira shi daƙiƙi.

Sai tsoro. Kowa ya tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Duniya ta ji labarinsu. Ba ta ji na ƙananan da aka goya aka kwana da su a jeji don gudun 'yan bindiga ba. Fargabar da ta daɗe tana hana yaro natsuwa da riƙe abin da aka koya masa. Za ka ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko yana zabura cikin barci, ko mai surutu ya yi gum, ko ƙarar babur ta sa shi gudu bayan ƙofa. Iyaye, bulala a nan ƙara ciwon take yi. Ku jawo shi jiki, ku bar shi ya faɗi abin da ya gani idan ya so.

Wani abin kuma lokaci ne ke kawo shi. Lafiyayyen yaro yana iya fara tafiya tun wata 8, wani sai wata 18, tsawa ba ta gaggauta shi. Amma idan ya wuce haka bai taka ba, ko ya cika shekara biyu babu kalma, a kai shi asibiti.

Sai wasa da hira. A 1986, a Kingston ta ƙasar Jamaika, an riƙa ziyartar iyayen tsumburarrun yara mako-mako har shekara biyu, ana koya musu wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20, kuɗin da waɗannan yara ke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Ba wani kayan tsada aka yi amfani da shi ba. Murfin kwano da ludayi, tatsuniyar kaka, kiran sunan akuya da kaza yayin da kike surfe, duk karatu ne, ko da a ajin makaranta kuke gudun hijira.

Sai abinci. Nono zalla wata shida, ko ruwa ba a ƙarawa. Bayan nan a kaurara kunu da gyaɗa, waken suya da garin zogale. Zancen cewa ƙwai yana sa yaro sata camfi ne, a dafa a ba shi. Idan ma'aikaciyar lafiya ta auna damtsensa awon ya faɗa ja, madarar gyaɗar da za a ba ki magani ce ta wannan yaron shi kaɗai. Kada a raba wa yayyensa, kada kuma a kai ta kasuwa.