Tabaran gyaran launi: A gwada ido kafin a kashe kuɗi

Da wuya ka ji Bahaushe ya ce ba ya bambance ja da kore, kuma a ganina harshenmu ma yana taimakawa wajen ɓoye matsalar. Mu ne ke kiran rigar da ta sha baba a marina baƙa, mu kira mai hasken fata ja. Saboda haka idan yaro a Yelwa ya rikita launi biyu, sai a ɗauka sakaci ne irin na magana, ko a tsawata masa a aji.

Alhali kuwa larura ce ta gado. A cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri uku masu kama ja da kore da shuɗi. Idan ɗaya ya yi rauni ko ya ɓace, launuka sai su haɗe. Yawanci ta wajen uwa ake gadonta, kuma maza ta fi kamawa: a Turai kimanin namiji 1 cikin 12, mace 1 cikin 200, amma a Afirka adadin bai kai haka ba. John Dalton na Ingila ya bayyana ta tun 1794, bayan ya gano ta a idonsa.

Ana sayar da abubuwa biyu da sunan gyara. Akwai tabarau irin na EnChroma da ya fito a Amurka a 2012, wanda ke tace sashen hasken da ja da kore suke cakuɗewa. Akwai kuma ɗan jan gilashin da ake liƙawa a kan ƙwayar ido ɗaya, irin su X-Chrom. Dukansu suna iya ƙara wa launi kaifi ga wanda rauninsa bai yi tsanani ba, amma ba sa mayar da ƙwayar da babu. Binciken Jami'ar Granada ta Sifen a 2018 ya nuna cewa tabaran EnChroma bai sa masu larurar ganin launi kamar sauran mutane ba. Ga tsada, ga kuma rage haske da yake yi idan duhu ya kawo.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi ƙasar Yawuri kai tsaye. Bisa ƙa'idar sufurin ruwa, jar fitila ce a hagun jirgi, koriya a dama. Matuƙin da ke ratsa tafkin Kainji daga Wara ko Yelwa da magariba ba zai dogara da gilashi mai duhu ba. Haka mai haɗa wayar lantarki, da matashin da ya ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgin sama, wanda sai a gwajin likita na ƙarshe zai ji labari.

Shawarata ita ce a fara da gwaji. Littafin Ishihara, da aka wallafa a Japan a 1917, mintuna kaɗan yake ɗauka, kuma bai fi ƙarfin makarantun Yawuri da Ngaski da Shanga ba. Yaron da ya san halinsa da wuri zai zaɓi sana'a da sani, malami kuma ya riƙa rubuta sunan launi a gefen zane.

Sannan a gyara sunan. "Makantar launi" ta yi nauyi, domin mutumin nan yana gani sarai, kuma ba uban da zai so a kira ɗansa makaho. Na fi son "raunin bambance launi". Idan suna ya yi sauƙi a baki, iyaye za su fi saurin kai 'ya'yansu gwaji. Allah Ya sa mu dace.